Yaro ya haddace lissafi, amma ba ya iya karɓo canji

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina da ɗa mai shekara 9, yana aji 3 a firamare a nan Zariya. In aka ce ya karanto lissafin sau ɗin nan da ke bayan littafin rubutunsa, zai zubo shi tun daga gidan biyu har gidan sha biyu babu gargada. Amma makon jiya na ba shi naira 1,000 ya sayo min sukari na 350, magi na 200 da omo na 150, sai ya dawo min da canjin 200, bai ma san an rage ba. Babansa ya zane shi, ya ce asarar kuɗin makaranta kawai ake yi. Agogo ma bai iya dubawa ba, har ƙanwarsa ta fara yi masa dariya. Ni iyakata firamare, awara da zoɓo nake sayarwa a gida, ba ni da halin ɗaukar malamin lesin. Yanzu da ya ji an kira shi aike sai ya shige banɗaki ya ƙi fitowa. Gwaggo, daƙiƙi ne, ko akwai abin da zan iya yi?

Maman Abba, Zariya

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya miki Abba da ƙanwarsa, ya sa albarka a sana'arki.

Ɗanki ba daƙiƙi ba ne. Yaron da ya riƙe layi sama da ɗari na lissafin sau a kansa ba ya zama daƙiƙi. Abin da yake da shi hadda ce, kuma haddar ba ta haɗu da abin da yake riƙewa a hannu ba tukuna. Kina iya gwadawa yau da yamma. Ki kasa gyaɗa kashi huɗu, kowane kashi ƙwaya uku, ki tambaye shi duka nawa ne. In na canka daidai, zai sa yatsa ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya har sha biyu, alhali ɗazu ya rera miki cewa uku sau huɗu sha biyu ne. A wurinsa waƙar daban, gyaɗar daban. Aikin da ke gabanki shi ne haɗa su.

Sai kuma aiken da kika yi masa, wanda ke kina ganin ƙarami ne. Ki duba abin da aka nema daga yaro ɗan shekara 9. Ya riƙe kaya uku da farashi uku a ka, ya tara 350 da 200 da 150, ya ɗebe abin da ya samu daga 1,000, duk a tsaye a bakin shago, mai shago yana sauri, wasu na miƙo kuɗi ta saman kansa. A takarda ma, ɗebe lamba daga 1,000 yana cikin abin da ya fi ba 'yan firamare wahala, saboda sifili uku ne a jere, kuma kowanne sai an yi masa aro. Ga shi tsadar kaya ta sa kasuwa ta riga littafin makaranta nisa. Littafin aji 3 yana wasa da gommai da ɗaruruwa, cefanen gida kuwa da dubu yake farawa. Shi ma mai shagon kada ki yanke masa hukunci, ɗari ɗaya tana iya maƙalewa a hannun kowa cikin cunkoso.

Kin ce iyakarki firamare, kamar kina cewa ba ki da abin koya masa. To bari in tambaye ki. Yarinya ta zo ta sayi awarar 650, ta miƙo miki dubu, yaya kike yi? Ba kya ɗauko biro. Kina cewa a ranki: hamsin ta cika ɗari bakwai, saura ɗari uku ta cika dubu, canjinta 350. Ba ɗebewa kika yi ba, cikowa kika yi daga farashi har zuwa kuɗin da aka ba ki. Haka masu kayan miya suke yi, haka kwandasta yake yi, kuma hanya ce sahihiya ta lissafi, ba ta 'yan koyo ba. Ita ce za ki fara ba Abba, kuma babu malamin lesin da ya fi ki iya ta.

Ki buɗe masa shago a tsakar gida. Ki yanka tsohon littafin rubutu ko kwali, ku yi kuɗin wasa tare, shi ne zai rubuta lambobin da hannunsa: 50, 100, 200, 500, 1,000. Ki ajiye na gaske a gefe ya kwatanta. Ya ga Awolowo a kan ɗari, Sardauna a kan ɗari biyu, Azikiwe a kan ɗari biyar. Amma ki sa ya riƙa karanta lambar da ke jiki, kada ya dogara da launi, domin tun ƙarshen 2022 takardun 200 da 500 da 1,000 iri biyu ne ke yawo a hannun mutane, tsoho da sabo, kuma launinsu ya bambanta.

Kwanakin farko kada ma a sayi komai. Ki ajiye ɗari biyar ki ce ya yi miki canjinta. Zai kawo ɗari-ɗari guda biyar. Ki ce wata hanyar fa? Ɗari biyu biyu da ɗari ɗaya. Wata fa? Hamsin-hamsin guda goma. Ki bar shi ya yi ta jujjuya su har ya zama in ya ga 500 yana ganin abin da ke cikinta. Daga nan ku koma dubu. Yaron da ya san dubu ɗari bakwai ce da ɗari uku, ko ɗari shida da ɗari huɗu, ya riga ya ci rabin yaƙin canji.

Bayan haka sai a jera kaya: gwangwanin madara da ya ƙare, ledar omo, kwalin ashana, a rubuta wa kowanne farashi. Ki fara da abu ɗaya, farashinsa ɗari-ɗari cif. Ke ce mai saye, shi ne mai shago. Kin sayi na 700, kin ba shi dubu. Ya ajiye kayan a gabanki ya ce "ɗari bakwai", sannan ya riƙa ɗora miki ɗari-ɗari a tafin hannu yana faɗa da ƙarfi: "ɗari takwas, ɗari tara, dubu." Ki tambaye shi takarda nawa ya ba ki. Uku. To canjin ke nan, kuma shi ne ainihin canjin da ya kamata ya kawo miki ranar nan, amma kada ki tuna masa. In wannan ya zauna, ki shigo da hamsin: 650, 350, 850. In wannan ma ya zauna, a sayi abu biyu. Abu uku sai can gaba.

Wani lokaci ku musanya, ke ki zama mai shago, ki rage masa canji da gangan. Ki yi shiru ki ga ko zai kama ki. Ranar da ya ce "Mama, saura ɗari", ki yi kamar kin ji kunya ki cika masa. Yara suna son kama babba da kuskure ƙwarai, kuma ta nan yake koyon buɗe baki ya ce wa mai shago, cikin ladabi, "Malam, canjin bai cika ba." Yara da yawa sun san an rage musu, kunya ce ke hana su magana.

Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa, bayan la'asar ko bayan cin abincin dare, lokacin da ba kya kan wuta. Ki tashi tun yana marmari. In ya yi kuskure kada ki ce "a'a", ki ce "nuna min yadda ka yi". Galibi yana cikin nunawa zai gane inda ya kauce da kansa, ke ma za ki gane abin da ya shige masa duhu.

Akwai wani abu da nake so ki duba a ƙarƙashin wannan duka. Ki rubuta 42 ki tambaye shi wannan 4 ɗin me take nufi. In ya ce huɗu ce kawai, to akwai giɓi, kuma shi ne ke sa aro da riƙo su gagare shi a aji. Maganinsa tsinken tsintsiya. A karya tsinkaye, a ɗaure goma-goma da zare. Ɗauri huɗu da tsinke biyu, 42 ke nan. Ki ce ya ba ki bakwai daga ciki. Biyu ne kawai a sake, dole ya kwance ɗauri ɗaya ya samu sha biyu, ya cire bakwai, saura ɗauri uku da tsinke biyar, 35. Wannan kwancewar ita ce aron da malami yake yi a allo yana soke lamba yana rubuta wata a kanta. Ba dabarar ƙauye ba ce kawai. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya, wadda ta yi suna wajen ceto yaran da karatu da lissafi suka bari a baya, da ɗaurin tsinkaye take koyar da wannan darasin.

Haddarsa ta sau kuwa, tiren awararki zai ba ta ma'ana. In guda hamsin ce, bakwai nawa? Ya jera su biyu-biyu: ɗari, ɗari biyu, ɗari uku, ga ɗaya ta ware, 350. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne, kowane layi shida, ya gani da idonsa cewa biyar sau shida 30 ne. Ledar fiya wata guda 20 ce, leda uku nawa? Carbin babansa 33 sau uku ne, 99. Raka'o'in farilla na yini ma lissafi ne da ya riga ya sani daga Islamiyya: biyu, huɗu, huɗu, uku, huɗu, ya tara ya samu 17. Ki bar shi ya riƙa karɓar kuɗi yana ba da canji a gabanki in an zo sayen zoɓo. A gida nake nufi, ina idonki yake. Ban ce a ɗora masa tire a tura shi talla da sunan koyon lissafi ba.

Ki yi masa duk wannan da Hausa. A makaranta da Turanci ake yi, kuma a kunnen yaro sunan 13 da na 30 kusan ɗaya ne a Turanci, haka 14 da 40, har zuwa 19 da 90. Wani yaron lissafin bai ɓace masa ba, jin ne ya ɓace masa. In ya gane abu da Hausa, sai ki ce ya faɗa miki yadda malaminsu yake faɗa a aji, ya rubuta lambar. Nan shi zai zama malaminki, kuma hakan zai yi masa daɗi.

Zai zo miki da tambayar kwabo, domin littafin makaranta cike yake da naira da kwabo, shi kuwa bai taɓa sayen komai da kwabo ba. Ki gaya masa kwabo 100 ne naira ɗaya, ki zana masa. In kakarsa tana kusa ki tura shi wurinta, ta ba shi labarin fam da sule. A 1973 aka sauya kuɗi zuwa naira, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karanta wannan shafi, ku naku yaran aikinsu ya fi haka: a kasuwa ana cewa dala ashirin, a jikin kuɗin an rubuta 100, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Gidan biyar ya kamata su fara riƙewa kafin kowane gida.

Yanzu agogo. Kada ki haɗa shi da shagon a mako ɗaya, ki bari canji ya fara zama.

Agogon bango yana yaudarar yaro ta hanya biyu. Lamba ɗaya tana da ma'ana biyu: in gajeren hannu ne a kan 3, ƙarfe uku ne, in dogon ne, minti sha biyar ne. Sannan duk lissafin da ya sani a goma da ɗari yake cika, agogo kuwa a sittin yake cika. Shi ya sa in ka ce wa yaro ƙarfe 1:50 ne, bayan minti ashirin ƙarfe nawa, sai ya rubuta 1:70, kuma a iya saninsa ya yi daidai.

Ki yanka kwali zagaye, ki kifa faranti ki zana, ya rubuta 1 zuwa 12. Ki sa masa hannu ɗaya tak, gajeren. Da shi kaɗai ana iya sanin lokaci. Yana kan huɗu daidai, ƙarfe huɗu. Ya ɗan gota, huɗu ta wuce kaɗan. Yana tsakanin huɗu da biyar, huɗu da rabi. Ya matso biyar, biyar ta kusa. Ku yi kwanaki a haka, kuna kwatantawa da agogon gaske kuna ƙyale dogon hannun. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ya sa yaro yake ganin 4:50 ya ce ƙarfe biyar da minti hamsin, don gajeren hannun ya fi kusa da biyar.

Kafin dogon hannu ya shigo, ya iya ƙirga biyar-biyar har sittin. Yatsun hannu ɗaya biyar ne, ya riƙa tafa hannunsa da naki yana ƙirgawa. Sai a rubuta 5, 10, 15 har 60 a wajen da'irar, kowace kusa da lambarta, a saka dogon hannun. Ku fara da huɗun da muke faɗa kullum: daidai, da kwata, da rabi, saura kwata. "Saura" ita ce mai wuyar, domin ana ambaton ƙarfen da bai yi ba tukuna. Ki nuna masa cewa wannan ma cikowa ce irin ta canji: daga arba'in da biyar, nawa ya rage a cika sittin?

Wayar hannu takan nuna 16:30, sai yaro ya ce babu ƙarfe sha shida. In lambar ta wuce 12, ya cire 12, huɗu da rabi na yamma ke nan.

Duba agogo daban, jin tsawon lokaci a jiki daban. Ki riƙa sa shi ya yi hasashe kafin a duba. Minti nawa zai ɗauka daga gida zuwa Islamiyya? Minti nawa awara ke yi a mai kafin a juya ta? Ya faɗi nasa, a duba agogo, a ga wa ya fi kusa tsakaninsa da ƙanwarsa. Ta haka dariyar da take yi masa za ta koma gasa. Ga wani aiki da zan so ya zama nasa shi kaɗai: duk ranar Juma'a in an kira magariba, ya duba agogo ya rubuta lokacin a jikin kalanda. A Zariya rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a watan Nuwamba, amma a Yuli sai kusan bakwai. Bayan wata biyu ko uku zai zo da kansa ya ce miki magariba tana matsawa. Kalandar ma ki bar masa ita, musamman mai ɗauke da watan Musulunci da na Bature tare. Ya ƙirga kwana nawa suka rage a yi Sallah, mako nawa ke nan, ya ga watan Musulunci 29 ne ko 30, na Bature kuwa 30 ko 31 in ban da Fabrairu.

Maganar babansa. Na san zafin nema ne ya sa shi hasala, naira ɗari ba a tsintar ta a ƙasa. Amma ki duba abin da dukan ya haifar: yaron bai iya canji ba, ya ƙara da tsoron aike. Tsoro yana cinye wurin da yaro yake riƙe lambobi a ka, wanda ya san amsa ma sai ta gudu in an tsaya a kansa da bulala. Ki samu lokacin da maigidan ya ci ya huta, ba a gaban yara ba, ki ce masa kin fara koya wa Abba canji, kina roƙon ya ba ki wata biyu babu duka a kan lissafi. Ki kuma ba shi nasa rabon. In ya iya dara, ya haƙa gurabu 30 a tsakar gida, kowa da 'ya'yansa sha biyu, su buga. Ko lido, wadda duk jifa sai an ƙirga gida. Ko in zai biya kuɗin Keke Napep, ya miƙa wa Abba kuɗin ya ce shi zai biya ya karɓi canji. Uba ya ce wa ɗansa "ka yi daidai" sau ɗaya, ya fi ke ki faɗa sau goma.

Malamin lesin ki bar shi tukuna. Da yawansu aikin gida kawai suke taya yaro yi, littafi ya cika da maki, giɓin yana nan. Abin da ya fi shi, kuma kyauta ne, ki je makaranta ki ga malamin ajinsu. Kada ki tambaye shi ko Abba yana ƙoƙari, zai ce miki yana ƙoƙari. Ki ce ya nuna miki lissafin da Abba yake iya yi shi kaɗai, da wanda yake tsayawa a kansa. Ki tambayi inda yake zama a aji, domin a aji mai cunkoso wanda ke baya sau da yawa daga littafin maƙwabcinsa yake kwafa, ba daga allo ba. In kin lura yana ƙanƙance ido ko yana matsowa kusa da abu kafin ya karanta, a duba masa ido.

Ki ba wannan aikin zangon karatu guda. In bayan haka har yanzu ba ya iya faɗin wanda ya fi yawa tsakanin 7 da 9 sai ya ƙirga yatsu, ko in an zuba tsakuwa uku ba ya gane uku ne sai ya taɓa su ɗaya-ɗaya, to ki kai shi ɓangaren yara a asibiti ki yi musu bayani. Akwai yaran da lambobi kaɗai ke ba su wahala ta musamman alhali kansu lafiya lau, kuma ana taimaka musu. Daga abin da kika rubuto ban ga alamar Abba yana cikinsu ba.

Aike kuwa ki dakatar da mai canji na ɗan lokaci, ki riƙa ba shi kuɗi daidai da kaya. Ranar da ya kama ki kin rage masa canji sau uku a jere a shagon gida, ki tura shi na gaske: abu ɗaya, na 300, da takardar 500, lokacin da babu cunkoso. Kafin ya fita ya faɗa miki nawa zai dawo da shi, kuma ya ƙirga a gaban mai shago kafin ya juya. In ya yi haka mako guda babu matsala, ki ƙara masa abu na biyu.

Gwaggo